Su ma Turawan sun san sammu

Ƙarshen Oktoba, lokacin da yaran Ingila ke shigar dodanni suna bin gida-gida neman alewa, wani abokin aikina ya ja ni wani tsohon gidan sinima. Kujeru jajaye duk sun ƙoɗe, ɗakin na warin darduma mai laima, masu kallo yawanci tsofaffi ne, kowa ya naɗe rigar sanyinsa a cinya, ba mai ce wa wani uffan. Fim ɗin 1957 ne mara kala, Night of the Demon, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ne daga Amurka ya zo Landan don ya tona asirin wani hatsabibi, Karswell. Sai bokan ya faki idonsa a ɗakin karatu na British Museum, ya cusa masa wata 'yar takarda mai rubutun tsafi cikin takardunsa. Duk wanda ta shiga hannunsa, an yanka masa ranar mutuwa, sai fa in ya mayar wa mai ita ba tare da ya sani ba. Takardar har zillewa take yi tana neman faɗawa wuta don kada a samu mayar da ita.

Muna fitowa abokin nawa ya yi dariya, wai a wajenmu ai wannan ba fim ba ne, labaran duniya ne. Na yi murmushin yaƙe, amma abin ya tsaya min a rai.

Wa ya rubuta labarin? M. R. James, babban malami a Cambridge, tun 1911. A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya, kotu a Landan ta ɗaure wata mata, Helen Duncan, da dokar maita ta 1735. Ba su soke dokar ba sai 1951, shekara shida kacal kafin fim ɗin. Har gobe jaridunsu na buga duban taurari. Nasu ya zama adabi, namu kuma duhun kai.

Ban ce mu tsarkaka ba ne. Na san yadda bokaye ke tatse mata a gida, na san ciwon da ya kamata a kai asibiti a ce jifa ne.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali ba aljanin da ke cikin fim ɗin ba ne. Mutum an ce saura kwana uku ya mutu, yana ɗakin otal shi kaɗai, ba uwa, ba ƙani, ba maƙwabcin da zai leƙo. Da a unguwarmu ne, kafin magariba gida ya cika, wannan na tofi, waccan ta aika a karɓo rubutu, liman ya sa a yi saukar Alƙur'ani. Ko ka yarda da sammu ko ba ka yarda ba, ba za ka kwana kai kaɗai ba. Nan kuwa tsohuwar da ke bene na sama da ni ta yi sati a kwance, sai da na ga motar asibiti a ƙofa na sani.