Kuka da wake ba abincin raini ba ne

Wallahi wani rahoto da ya ce cin ganye da hatsi yana rage kumburin cikin jiki ya taɓa ni. Mahaifiyata a Tudun Wada ta daɗe tana fama da gwiwa, har sallah a zaune take yi. Likita ya ce ta ci gaba da magani, amma a rage soye-soye da lemon kwalba, a ƙara mata wake, kwaɗon zogale da faten acca. Yanzu Hajiya da kanta take takawa zuwa gidan maƙwabta.

Abin da mutane ba su sani ba, dusar hatsi da ɓawon waken da muke surfewa mu zubar su ne abincin ƙwayoyin bakteriya masu amfani a babban hanji. Idan suka ci, sai su fitar da sinadarin butiret, wanda ke ƙarfafa bangon hanji ya kuma daidaita garkuwar jiki don kumburi ya ragu. Ganye irin su kuka ma abincinsu ne, shi ya sa nake jin zafi idan na ga an raina miyar kuka.

Sai dai rahoton bai ambaci bitamin B12 ba, wanda jiki ke buƙata don lafiyar jini da jijiyoyi. Ganye ba ya ba da shi, sai ƙwai, nono, kifi ko nama.