Baffa Gaga da rigimar gidan da ba a yanke zumunci

A shekarar 1980 gidan talabijin na NTA da ke Jos ya fara nuna wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn. An shirya shi ne don a kwaɗaitar da mutane noma, amma yau in ka tambayi wanda ya kalla, da wuya ya yi maka zancen taki. Gidan Bello zai tuna, mutumin da ya kwaso iyalinsa daga birni ya koma ƙauye, da ɗansa Bitrus, wato marigayi Sadiq Daba, sai kuma Baffa Gaga, wanda marigayi Kasimu Yero ya fito a matsayinsa.

Ni a ganina Gaga ne ƙashin bayan wasan. Dattijo ne mai taurin kai da baƙin hali, irin wanda kowane gida ke da shi. Kuma babu damar a kore shi, domin ɗan gida ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Za ku yi cacar baki yau, gobe ku haɗu a wurin suna ko jana'iza, dole ka rusuna ka gaishe shi. Haka rigimar dangi take a zahiri, shi ya sa ta shiga ran masu kallo.

Yawancin shirye-shiryenmu na yanzu sun sauƙaƙa wa kansu aiki. Kishiya ta je wurin boka, uwar miji ta zama dodo, sai a kashi na ƙarshe asiri ya tonu, a kwantar da mai laifi a gadon asibiti yana hawaye yana cewa a yafe masa. Wannan nadamar ba ta da tsada. Mai kallo yana tashi da jin cewa mugu wani ne can, shi kuwa wankakke ne. Na san masu shiryawa za su ce kasuwa ce ke son haka, kuma da gaskiyarsu, don wasannin da ma suna da nasu rauni: jan labari, wa'azi a fili, sauti mara kyau. Amma tsofaffin wasannin sun fi sanin cewa da-na-sani a hankali take cin mutum, sau da yawa ma ba ya iya furta ta.

A gidanmu na ga haka. Mahaifina da ƙaninsa sun yi shekara biyu ba sa ga-maciji saboda gonar gado. Muna zaune a tabarma gaban ƙaramar talabijin mara kala, Gaga na ta masifa, mu yara muna dariya, shi kuwa Baba ya yi shiru, carbinsa ya tsaya a hannu. Bai ce komai ba daren nan, haka ma mako na gaba. Da Sallah ta zo sai ya miƙa mini ƙwaryar tuwo da cinyar rago, ya ce, "Kai wa Baffanka, ka ce ina gaishe shi."