Duniyar jaruman Marvel ba ta buƙatar sake lale

A 1962 gizo-gizo ya ciji Peter Parker yana ɗan sakandare, ya zama jarumi Spider-Man. Yau shekara sittin da 'yan kai ke nan, amma a shafukan mujallun zane na Marvel bai ko kai arba'in ba, kuma har yanzu kuɗin haya na ba shi wahala. Irin wannan ne ke tayar da gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu karatu: wasu na cewa a rushe duniyar nan gaba ɗaya a fara daga lamba 1, wasu na cewa kar a kuskura.

Masu cewa a sake lale suna da hujja. Tony Stark, wato Iron Man, ya samu rauninsa ne a Biyetnam a 1963, daga baya aka mayar da abin Afganistan don kar ya zama tsoho tukuf. Magneto na labarin X-Men kuwa yana yaro ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, don haka da gaskiya ake bi, da yanzu ya haura casa'in. Yaron da ya ga fim ya yi sha'awa, in ya ɗauki mujallar X-Men, sai ya tarar kusan kowa ya taɓa mutuwa ya dawo, wani ma sau biyu. Ajiyewa zai yi.

Na ji su, amma ban yarda ba, domin maƙwabciyar Marvel, wato DC mai Superman da Batman, ta gwada maganin nan mun ga yadda ta kaya. A 1985 ta share duniyoyinta da wani labari mai suna Crisis on Infinite Earths. A Satumbar 2011 ta sake yin wata sharar da ta kira New 52: mujallu 52, kowace daga lamba 1, har da Action Comics da ke fitowa tun 1938 ta kai lamba 904. Aka goge auren Superman da Lois Lane. Barbara Gordon, wato Batgirl, wadda ta shafe fiye da shekara 20 a keken guragu tana aiki da ƙwaƙwalwa da kwamfuta da sunan Oracle, aka miƙar da ita tsaye, masu nakasar da suke ganin kansu a jikinta suka rasa tasu. Wally West, wanda shi ne Flash ɗin da masu karatu da yawa suka tashi da shi, aka yi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ciniki ya buɗe da farko, sannan ya ja baya. A 2016 DC ta yi amai ta lashe. Shafin da aka fi tunawa a mujallar Rebirth shi ne inda Wally ke gab da ɓacewa, ba wanda ya gane shi, sai Barry Allen, Flash ɗin da ya gabace shi, ya tuna sunansa, ya cafko hannunsa ya rungume shi. Kamfani ne ke ba masu karatu haƙuri da zane. Action Comics ta koma tsohon lissafinta, ta cika lamba 1000 a 2018.

Ita ma Marvel ta ɗanɗana. A 2007 ta sa Peter ya yi ciniki da shaiɗani Mephisto, aka shafe aurensa da Mary Jane na shekara 20. Har gobe masu karatu ba su huce ba.

A ganina an ɗora wa tsawon tarihi laifin da ba nasa ba. One Piece na Japan tun 1997 yake tafiya, ya wuce kundi 100, kuma sabbin masu karatu ba su daina shigowa ba, saboda kowa ya san daga ina zai fara, marubucin kuma ɗaya ne. A Amurka mujalla mai shafi ashirin da 'yan kai dala 4 zuwa 5 ce, ga shi duk shekara sai an ƙirƙiro wani babban rikici da zai tilasta maka sayen mujallu goma kafin ka fahimci ɗaya. Ko an goge tarihi yau, in ba a daina wannan ba, shekara biyar ta isa a sake cakuɗewa.

Abin da ya fi aiki shi ne a gina sabon ɗaki a gefe a bar tsohon gida. A 2000 Marvel ta buɗe duniyar Ultimate, inda aka sake labarin Spider-Man daga tushe ba tare da taɓa na asali ba. Daga can Miles Morales, wani sabon Spider-Man, ya fito a 2011, ya karɓu har aka dawo da shi babban gida bayan 2015. DC ma ta bi sahu a 2024 da Absolute Batman, inda Bruce Wayne, wato Batman, ba attajiri ba ne kamar yadda aka saba, injiniya ne ɗan masu ƙaramin ƙarfi. A shekarar ce kuma Marvel ta fito da sabon Ultimate Spider-Man, aka yi ta rububinsa. Peter ɗin da ke ciki magidanci ne mai gemu da 'ya'ya biyu, matarsa kuma Mary Jane.