Magini Ya Fara Da Kunne

A shekarar 1960 wasu masana uku daga birnin Zurik na Suwizalan, Paul Parin da matarsa Goldy da Fritz Morgenthaler, suka sauka ƙasar Dogon a Mali. Mabiya tafarkin Sigmund Freud ne, masu tono damuwar da ke kwance a zuciyar mutum ta hanyar zama da shi a bar shi ya yi ta magana. Haka suka yi da mutanen Dogon, littafinsu ya fito a 1963. A 1960 ɗin mai zanen gine-gine ɗan Holan, Aldo van Eyck, shi ma ya je can yana kallon rumbuna da lunguna. Daga baya, a 1969, aka buga rubutunsa tare da na Parin da Morgenthaler.

Akwai masu ganin haɗuwar mai zanen gini da masu nazarin zuciya shisshigi ne, wai kowa ya tsaya a fagensa. Ban yarda ba. Mai zane ya san nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, amma bai san dalilin da ya sa amarya ke kasa barci a gidan da babu tsakar gida ba. Wannan sai wanda ya zauna da mutane ya san al'adarsu, da wanda ya iya sauraron abin da baki ke jin nauyin faɗa.

Dubi toguna, rumfar da dattawan Dogon ke shawara a ƙarƙashinta. Rufinta gajere ne, mutum ba ya iya miƙewa tsaye, kuma ana cewa hikimar ita ce mai fushi ba zai zabura ba. Van Eyck, wanda ya tsara wa yaran Amsterdam ɗaruruwan filayen wasa tun daga 1947, ya daɗe yana jaddada darajar bakin ƙofa, wurin da waje da ciki ke gaisawa. Wanda ya tashi a gida mai zaure ya san wannan tun yana rarrafe: nan baƙo ke sallama ya jira, nan maigida ke tarbarsa, matan gida kuma suna cikin sutura.

Gaskiya ne, ba a rasa abin zargi. Ma'aunin Freud a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka ƙera shi, kuma da Faransanci aka yi hirarrakin nan, ba da harshen Dogon ba. Har Marcel Griaule, wanda ya yi suna da bayanin addinin Dogon, masani Walter van Beek ya ƙalubalanci rahotonsa a 1991. Amma wannan kira ne a ƙara saurare da harshen masu gida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rukunin gidajen da ake zuba mana yanzu, ƙofa na buɗewa kai tsaye cikin falo. Kafin shekara ta zagayo mai gidan ya sayo bulo ya ta da katanga, ya ƙirƙiro zauren da aka hana shi, da kuɗin aljihunsa.