Hoton waya ba ya nuna gindin naman kaza

Tun da ruwan Agusta ya zauna nake ganin matasanmu na nan Maradi suna ɗora hotunan naman kaza da suka tsinto a bakin gulbi ko a hanyar Madarunfa, suna tambaya ko ana ci. Masu ba su amsa ne suka fi damuna, domin babu mai iya tantance irin naman kaza daga hoto guda da aka ɗauka ta sama.

Wanda aka fi amincewa da shi a ƙasashenmu shi ne na suri, wanda masana ke kira Termitomyces. Gara ce take noma shi a cikin gidanta, shi ya sa idan aka tona a hankali za a tarar da doguwar saiwa ta nutse har inda garar take, kuma yawanci tsakiyar laimarsa tana da ɗan tsini. Wanda ya fizge shi daga sama ya bar babbar shaidarsa a cikin ƙasa.

Akwai wani fari mai faɗin laima da yake fitowa cikin ciyawa, sunansa Chlorophyllum molybdites, kuma kyan ganinsa ne yake yaudarar sabon shiga. Idan aka yanke laimarsa aka kife ta a kan farar takarda ta kwana, garin da zai zubo kore-kore ne, alhali na suri ruwan hoda yake bayarwa. Shi farin na cikin ciyawa amai da gudawa yake sawa cikin 'yan awoyi. Wasu daga dangin naman kaza da ake kira Amanita sun fi shi muni ƙwarai, domin gubarsu ba ta nuna kanta sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan mutum ya ji kamar ya samu sauƙi alhali hantarsa ce take lalacewa. Dafawa ba ta kashe wannan guba, shanyawa ma haka. Maganar da ake yi cewa abin da akuya ko tsutsa ta ci mutum ma zai iya ci kuwa, ba gaskiya ba ce.

A ganina, mai son koyo ya nemi dattijuwar da ta daɗe tana tsintar na suri a karkara, ya bi ta daji damina guda yana kallon inda take tonawa da abin da take jefarwa, ya tsaya a kan wannan iri ɗaya tak. Idan kuma wani ya ci ya fara amai, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci domin likita ya gani.