Ba Haƙurin Kallo Mutanen Ƙauyenmu Suka Rasa Ba

A nan Ingila inda nake zaune akwai wani nau'in wasan talabijin da ake ji da shi: fim mai gajeren zango, kashi huɗu zuwa takwas ya ƙare, ba tseren mota, ba harbe-harbe, sai bin diddigin abin da ke cin mutum a rai. A watan Maris na 2025 Netflix ta saki wani irinsa mai suna Adolescence, kashi huɗu, kowane kashi an ɗauke shi a tashi ɗaya ba tare da yanke hoto ba. Labarin yaro ne ɗan shekara 13 da ake tuhuma da kashe wata 'yar makarantarsu. Kashi na uku kusan gaba ɗayansa zama ne a ɗaki guda, yaron da wata ƙwararriya kan halayyar ɗan Adam suna magana. Maganar fim ɗin ta kai har majalisar dokoki, firaminista Keir Starmer ya ce ya kalla tare da 'ya'yansa, daga baya aka ba makarantun sakandare damar nuna shi kyauta. Duk da haka ba kowa ya yaba ba. A nan ma akwai masu cewa abin ya cika ja, sun gaji tun kafin a kai rabi.

Idan hira ta biyo ta kan irin wannan fim a tsakanin 'yan uwa Hausawa mazauna waje, hukuncin da aka fi yankewa shi ne ba zai taɓa karɓuwa a gida ba, balle a ƙauye, wai mutanenmu sai waƙa da rawa da faɗan kishiyoyi. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ba gaskiya ba ce. Mutumin da zai zauna a tabarma ya saurari tafsiri daga farko har a shafa fatiha, kullum har azumi ya ƙare, ba gajen haƙuri gare shi ba. Matan da ke bin karatun littafi a rediyo mako bayan mako ba sa ƙosawa. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka samu gindin zama, mutane suna bin labari ɗaya shekara da shekaru. Haƙurin yana nan. Abin da ke faruwa shi ne fim mai tafiya a hankali yana lalacewa a hanya kafin ya isa idon mai kallo a karkarar Ringim ko Gumel ko Rano.

Mai kallo a nan Ingila yana zaune a ɗaki shiru, gabansa babbar talabijin, shi kaɗai ko su biyu. Intanet ba ta yankewa, kashi na ƙarewa na gaba zai fara da kansa. Netflix da kanta tana cewa awa ɗaya ta kallo a hoto mai kyau tana iya cin gigabait 3. A ƙauyenmu kuwa fim ta hannun mai tura finafinai yake zuwa. Shi ne ke saukewa a kwamfutarsa a cikin gari, ya matse shi ya ƙanƙance, domin awa ɗaya ta koma megabait ɗari biyu ko ƙasa da haka, yadda memori ƙarami zai ɗauki da yawa. Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, saurayi ya kai waya a cika masa. Ya koma gida ya tura wa abokai ta Xender ko Bluetooth, su ma su tura wa wasu.

A wannan matsewa ne ake yin asara, kuma irin fim ɗin da muke magana a kansa shi ya fi kowanne cutuwa. Wuraren duhu su ne farkon lalacewa: ɗakin da aka haska da fitila ɗaya ya koma baƙi ƙirin mai dabbare-dabbare. To ai masu wannan salo sun fi son duhu. Na biyu fuska. Gaba ɗaya nauyin labarin yana kan motsin ido, da rawar leɓe, da haɗiyar yawu, kuma a fuskar waya mai inci biyar ko shida da mutum shida suka yi wa rumfa, babu wanda zai ga wannan. Na uku sauti, wanda a ganina shi ne babba. Lasifikar ƙaramar waya ba ta fitar da murya mai kauri ta ƙasa-ƙasa, ba ta fitar da raɗa ko ajiyar zuciya. Jarumi ya yi magana a hankali, ga ƙarar janareton mai shayi, ga babur ya wuce, maganar ta tafi. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne mutum biyu a zaune ba sa komai. Idan ya ce fim ɗin ba shi da ma'ana, gaskiyar abin da ya gani ya faɗa.

Sai kuma caji. Inda babu wutar lantarki, kuɗi ake biya a shagon caji, na sola ko na janareto. Mai waya yana kallo yana duba batir. Minti uku na shiru a wajensa asara ce da zai iya lissafawa, shi ya sa yatsansa ke kan ja gaba.

Yanayin zaman kallon ma ya bambanta. A majalisar samari bayan isha'i, kallo abin taro ne. Da zarar fim ya yi shiru, 'yan kallo za su cike gurbin da nasu sharhin: wannan munafuki ne, waccan ita ta ja wa kanta, ja mana gaba mu ga yadda za ta kaya. A cikin gida kuma mata sun fi sauraro a kan kallo. Ana jingine waya a jikin kwano, hannu na kan ɗinkin hula ko tsinar shinkafa ko suyar awara, ana ɗago kai ne idan murya ta canza. Fim ɗin da ya ɓoye muhimmin abu a kallon ido kawai, ba tare da wani sauti ya sanar ba, ya wuce su, kuma ba laifinsu ba ne.

Akwai bambanci na gaske a abin da kowane ɓangare ke nema daga labarin, wannan ba zan ɓoye ba. Mai kallo a nan idan ya ga yaro ya lalace, tambayarsa ita ce me ya mai da shi haka, sai ya duba makaranta da intanet da iyaye. Ya kuma saba da likitan da aikinsa zama ya saurari mutum. A ƙauyenmu tambayar farko sau da yawa ita ce wa ya yi masa. Ana jiran a ga sammu, ko iska, ko hannun kishiyar uwa. Idan fim ya ƙare ba a nuna mai laifi ba, ba a ga sakayya ba, sai a ɗauka bai ƙare ba ne, a koma wajen mai turawa ana tambayar ina cigaban. Ƙarshen da aka bari a buɗe, wanda masu sharhi a nan ke yabawa, can ana iya ɗaukarsa ha'inci.

Amma a ɗaya gefen, Bahaushen karkara ya fi Bature iya karanta shiru, nesa ba kusa ba. Rayuwarmu cike take da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, tana kawar da kai idan ana yabonsa, kowa kuma ya san abin da ke ranta. Maigida ya dawo da kwanon tuwo bai taɓa ba, gidan gaba ɗaya ya san akwai magana. Suruka ta amsa gaisuwa da "lafiya" ɗaya tak ta yi shiru, amarya ta shiga ɗaki ta yi kuka. Kara da kawaici da kunya duk hanyoyi ne na faɗin abu ba tare da an buɗe baki ba. Marubucin da ya gina labarinsa kan irin waɗannan alamu ba ya buƙatar kyamara ta shiga cikin ƙwayar idon jaruma, domin kwanon da aka dawo da shi a rufe ana ganinsa ko a wace irin waya.

Saboda haka ga masu shirya fim a Kano da ke sha'awar gwada wannan salo, aikin daga sauti yake farawa. A maƙala wa kowane mai magana ƙaramar makirfo a riga, kada a dogara da ta saman kyamara. Bayan an gama haɗawa, a matse fim ɗin kamar yadda mai turawa zai yi, a saka a waya mai araha, a fita tsakar gida a saurara ba tare da abin kunne ba. Duk maganar da ba a ji ba a ɗaga ta. Kada kiɗa ya hau kan magana, a saukar da shi sosai duk lokacin da baki ya buɗe. Idan za a yi shiru, kada ya zama wayam: a bar ƙarar turmi daga maƙwabta, ko kukan akuya, ko kiran salla, don mai sauraro ya san fim na tafiya, ba waya ce ta tsaya ba. Fitowar dare a ƙara mata haske fiye da yadda ido ke so a allon tacewa. Tsawon kashi kada ya wuce minti 20 zuwa 25, kashi shida sun isa. A rubuta "kashi na 2 cikin 6" a jikin hoton kansa, a kuma faɗe shi da baki, saboda sunan fayil yana canzawa a hannun masu turawa, kashi na huɗu ya riga na uku zuwa. Minti ɗaya na tunatarwa a farkon kowane kashi yana da amfani, tunda wani sai kasuwa ta zagayo zai samu na gaba. Rubutun fassara a ƙasan hoto kuwa kada a ɗora masa komai, ya yi ƙanƙanta a waya, kuma ba kowa ke karatun boko da sauri ba.

Abin rubutawa ba ya ƙarewa. Matar da ta haihu ta daina magana, ta ƙi ɗaukar jaririnta, ana cewa miskilanci ne alhali ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Saurayin da ya dawo daga cirani a Legas ya shige ɗaki. Yaron da tiramol ya canza wa hali iyayensa na rufa asiri. Fim na gaskiya zai nuna iyalin sun fara da addu'a da ruƙiyya, kamar yadda ake yi, ba tare da ya raina su ba, sannan ya nuna cewa akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da kuma Kazaure, kuma zuwa can ba tonon silili ba ne. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, don haka maganar ma sabuwa ce a bainar jama'a.

Babban cikas ɗin da nake gani na kuɗi ne. A nan kamfani ke biyan kuɗin shiryawa tun farko, masu kallo kuma suna biya duk wata. A gida mai shirya fim ya dogara ne da tallan YouTube ko yarjejeniya da tashar talabijin, kuma kallon da aka yi ta memori a ƙauye ko sisi ba ya kawo masa. Labari mai kashi ɗari yana kawo kuɗi duk mako, mai kashi shida kuwa wata ɗaya da rabi ya ƙare, ga shi yana cin lokacin rubutu da atisaye fiye da wancan. Sai dai wata tasha ko gidauniya mai aiki kan lafiya ta ɗauki nauyin shiryawa gaba ɗaya, a sake shi bayan kaka lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a kuma kai wa masu turawa kwafin da aka matse da kyau tun daga ɗakin tacewa, maimakon a bar su su matse da kansu.