Nasiha ga Matasa: Suna da Aiki a Rayuwar Davy Crockett

'Yan uwana matasa, musamman masu hanƙoron shiga siyasa da masu fafutukar tara mabiya a shafukan sada zumunta, ina so mu yi nazarin rayuwar wani Ba'amurke mai suna David Crockett, wanda aka fi sani da Davy Crockett, domin a tarihinsa ana ganin yadda suna kan ƙasaita har ya fi ƙarfin mai shi, ya kuma danne aikin da ya fi cancanta a riƙa tunawa da shi.

An haife shi ranar 17 ga Agustan 1786 a gabashin yankin da daga baya ya zama jihar Tennessee, wanda a lokacin bakin daji ne da Turawa 'yan kama wuri zauna ke kutsawa cikinsa. Bashi ya yi wa mahaifinsa katutu, har ya kai ga yana ɗan shekara 12 aka haɗa shi da wani mai shanu ya taya shi kora su zuwa Virginia. A shekara 13 ya gudu daga gida don tsoron bulala bayan ya yi fashin makaranta, ya yi kusan shekara uku yana gararamba. Da ya dawo, sai ya shiga ƙodago wajen mutum biyu da ke bin mahaifinsa, ɗaya dala 36, ɗayan dala 40, ya yi ta aiki ba tare da ya karɓi ko sisi ba har bashin ya biyu. Ku lura da wannan, ku da kuke ganin ɗaukar nauyin iyaye tauye muku ci gaba ne: a ganina babu wani abu da ya yi daga baya a fagen farauta da ya kai wannan daraja.

Ba waliyyi ba ne, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Ya shiga yaƙin da aka yi da ƙabilar Creek, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar, a 1813 ƙarƙashin Janar Andrew Jackson, yana cikin rundunar da ta afka wa garin Tallushatchee, inda aka cinna wa gida wuta da mutane a ciki, kamar yadda shi kansa ya bayar da labari. Ya kuma taɓa mallakar bayi.

An zaɓe shi majalisar dokokin Tennessee a 1821, sannan majalisar wakilai ta tarayya a 1827, duk da cewa zamansa a aji bai wuce kimanin wata shida ba. Talakawa suka zaɓe shi saboda bakinsa ɗaya da nasu, kuma babban ƙudurinsa shi ne a ba waɗanda suka sare daji suka yi gonaki a yammacin Tennessee damar mallakar filayen a farashi mai sauƙi. A 1830, Jackson, wanda ya riga ya zama shugaban ƙasa kuma ɗan jiharsu ne, ya matsa a zartar da dokar kwashe ƙabilun asalin ƙasar daga gonakinsu na gado zuwa ƙetaren kogin Mississippi. A cikin wakilan Tennessee kaf, Crockett kaɗai ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, alhali ya san masu zaɓensa na kwaɗayin filayen nan, ya kuma san ubangidan siyasar jihar ba ya yafiya. Dokar ta wuce da ƙyar, shi kuma ya sha kaye a zaɓen 1831. Dubban 'yan ƙabilar Cherokee da suka mutu a hanyar hijirar dole ta 1838 sun isa shaida cewa gaskiya tana wajensa. Duk matashin da ke tunanin tsayawa takara ya tambayi kansa tun yanzu ko zai iya saɓa wa ubangidansa a ranar da aka zo masa da zalunci a rubuce, domin wanda bai yanke wannan shawara tun yana waje ba, da wuya ya yanke ta bayan ya ɗanɗana kujera.

To amma inda nasihar ta fi zafi shi ne abin da ya biyo baya. Ya koma majalisa a 1833, a lokacin labarinsa ya bazu: maharbin da ya ce ya kashe beyar 105 a cikin 'yan watanni, mutumin daji mai barkwanci wanda har wasan kwaikwayo aka shirya ana kwaikwayonsa a New York. 'Yan adawar Jackson suka ga sun sami ganga, suka ɗauke shi rangadin biranen arewa maso gabas a 1834, ana tafi, ana ba shi kyautuka, alhali majalisa na zama kuma ƙudurin filayen talakawansa na kwance bai motsa ba. Masu zaɓe ba su manta ba. A 1835 Adam Huntsman ya kayar da shi, shi kuma cikin fushi ya ce wa jama'ar mazaɓarsa su tafi wuta, shi ya yi Texas. Masu yi muku kirari a intanet yau, ku tantance ko ku suke so, ko kuwa wani suke son jifa da ku, kuma ku duba wane aiki ne kuka bari a kwance yayin da kuke amsa gayyata.

A Texas, wadda a lokacin yankin Meziko ce, ya tarar da tawaye ga gwamnatin Meziko, ya shiga sansanin 'yan tawaye na Alamo a San Antonio tare da mutum kimanin 200. Bayan ƙawanyar kwana 13, dakarun Meziko ƙarƙashin Janar Santa Anna suka ci sansanin ranar 6 ga Maris 1836, Crockett ya mutu yana da shekara 49, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan ko a fagen fama ya faɗi ko kama shi aka yi aka kashe. Bayan mutuwarsa masu buga littattafai suka shafe shekara ashirin suna ƙaga masa tatsuniyoyi suna cin riba, sannan a 1954 kamfanin Disney ya sake tayar da shi a talabijin, yaran Amurka suka yi rububin sayen hular fata mai jela da aka jingina masa. Mutane da yawa da suka san hular ba su taɓa jin labarin ƙuri'ar 1830 ba.

Shi kuwa ƙudurin filayen da ya bari, ɗansa John Wesley Crockett, wanda ya ci kujerar mahaifinsa a 1837 kuma ba a yi masa waƙa ko tatsuniya ba, shi ya bi shi a majalisa har aka zartar da wani nau'insa a 1841.